Gina ƙaramin layin dogo a ɗaki: daga falanki zuwa jirgin da ke tafiya

Kamar yadda wasu ke kiwon tattabaru, haka wasu sha'awarsu jirgin ƙasa ce, har ta kai su ga gina layin dogo a kan tebur: kan jirgi mai aiki da lantarki, taragu, tasha da tsakuwa, duka an rage girmansu da ma'auni ɗaya. Abin ya yi nisa a Jamus, Ingila, Amurka da Japan. A birnin Hamburg ma akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, wanda mutane ke biyan kuɗi su shiga kallon irin wannan gini. Mu dai abin da za mu haɗa a nan falanki ne guda, tsawonsa santimita 150, faɗinsa 30, wanda zai zauna a kan kanta a jikin bango.

Dalilin farawa da ƙarami shi ne, yawancin masu shiga wannan sha'awa kwalliya ce ke jan su: duwatsu, gadoji, bishiyoyi. Sai sun gama zuba gam da fenti su tarar jirgin yana tsayawa a hanya ko yana sauka daga layi, ga shi kuma an binne layin cikin tsakuwa, gyara ya zama rushewa. Abu uku ne ke sa jirgi ya tafi sumul: falanki miƙaƙƙe, layi da aka jera daidai, da wuta mai isa ko'ina. Sauran duk daga baya ne.

Ma'aunin da za ka zaɓa

Kafin ka sayi ko ƙusa, tsai da ma'auni, don kayan wannan ba sa hawa na wancan. Ma'aunin da ake kira HO shi ya fi yaɗuwa a duniya: an rage komai sau 87, tazarar da ke tsakanin ƙarafan layi biyu milimita 16.5. Mutum mai matsakaicin tsayi yana komawa kamar santimita 2. OO na Ingila an rage shi sau 76, amma a kan layi ɗaya yake tafiya da HO. Asalin wannan shi ne jiragen Ingila sun fi na sauran ƙasashe ƙanƙanta, injinan lantarki na lokacin da aka fara ƙera su ba sa shiga cikin ƙananan samfuransu, sai aka ƙara girman jiki aka bar layin yadda yake. N kuwa an rage shi sau 160 a yawancin ƙasashe, layinsa milimita 9. Akwai Z da kamfanin Märklin ya fitar a 1972, sau 220, da kuma O mai layin milimita 32, amma ba na mai farawa ba ne.

Inda ake fama da ƙura, HO ko OO sun fi dacewa. Kan jirgin N ba shi da nauyi, kuma wurin da ƙafarsa ke taɓa ƙarfe ɗan mitsitsi ne, ƙwayar ƙura kaɗan sai ta yanke masa wuta. Ga kuma wahalar ido da yatsu.

A kula da abu ɗaya wajen saye: kayan HO na Märklin da wata irin wuta suke aiki, wadda ke bi ta wasu 'yan ƙusoshi a tsakiyar layi. Ba sa tafiya a kan layin Peco, Hornby, Bachmann, Roco, Piko ko Atlas, waɗanda ƙarafa biyun kaɗai ke ɗaukar musu wuta. Ma'auni ɗaya ne, amma ba sa haɗuwa.

Mai burin kwaikwayon tsohon layin Legas zuwa Kano ya san cewa faɗinsa milimita 1,067 ne, ba 1,435 ba irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Idan ka raba 1,067 da 87 za ka samu 12 da ɗan ɗoriya, wato layin milimita 12 ne ya dace da shi a ma'aunin HO. Ana sayar da irin wannan layi, amma kan jirgi da taragun sai ka ƙera da hannunka ko ka sauya wasu. Aiki ne mai daɗi, na wanda hannunsa ya riga ya faɗa.

Tsarin layin

Zagaye shi kowa ke fara tunani, sai dai yana cin wuri. Kwana mafi ƙanƙanta da yawancin kan jirgin OO na yanzu ke iya bi tana da nisan milimita 438 daga tsakiyar da'ira, don haka sai da falanki mai faɗin kusan mita ɗaya, hannu kuma ba ya kai wa can ciki fiye da santimita 60 zuwa 70. Bayan haka, jirgi mai bin jelarsa yana gundurar mai shi cikin mako guda.

Tsarin da ya fi shi ne wanda ake kira Inglenook, wanda wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya shahara da shi. Layi ɗaya ne ke shigowa daga gefe, ya bi ta mararraba biyu, wato guntun layi mai raba hanya biyu, ya rabu zuwa rassa uku masu ƙarewa. Reshe mafi tsawo yana ɗaukar tarago 5, sauran biyun 3 kowanne. Layin shigowa kuwa tsawonsa daidai kan jirgi da tarago 3, ba ƙari. Taragu 8 ake zubawa. Sai a zaɓi 5 ta hanyar ƙuri'a, a jera su a kan dogon reshe bisa tsarin da ƙuri'ar ta fito. Jeri 6,720 ne ke iya fitowa, kuma ƙarancin wurin shi ne wasan.

Da gajerun taragun kaya na OO, masu kamar santimita 8 zuwa 9 kowanne, santimita 150 ta wadatar har da rara. Idan taragun Amurka na HO ka samu, masu kusan santimita 15, sai ka kai falankin mita 2. Kada ka yanke layi da lissafin takarda: jera taragunka na gaske a ƙasa, ka auna su a haɗe, ka ƙara santimita 3 a kan kowane reshe. Awon reshe kuma ba daga bakin mararraba yake farawa ba, daga inda tarago zai tsaya wani ya wuce ta gefensa ba tare da sun gogi juna ba.

Abin da za ka saya: mararraba 2, dogon layi mai lanƙwasuwa guda 3 (kowanne milimita 914), fakiti ɗaya na 'yan ƙarafan da ke haɗa layi da layi, siraran ƙusoshin layi, na'urar sarrafa gudu mai ba da bolt 12, kan jirgi ɗaya da taragu 8. Layin ya zama na garwayen ƙarfen da ake rubutawa nickel silver a jikin fakiti. Na baƙin ƙarfe da ke zuwa cikin tsofaffin akwatunan wasa ya fi araha, amma araha ba ta ado, damina ɗaya sai tsatsa. Za ka ga an rubuta code 100 ko 83 ko 75: tsayin ƙarfen ke nan, 100 na nufin milimita 2.54. Ɗauki 100, shi ke karɓar tsofaffin ƙafafu masu dogon leɓe, wato bakin da ke riƙe ƙafa a kan layi, kuma kada ka gauraya iri biyu. Kan jirgi kuma nemi mai ƙafa shida da duka ke ɗaukar wuta, irin Class 08 na Ingila, ko dizal mai ƙafa takwas. Mai ƙafa huɗu ya cika tsayawa a kan mararraba.

Falankin

Kai wa kafinta awo: filawud mai kaurin milimita 9, santimita 150 da 30. A ƙarƙashinsa a yi firam da busasshen katako mai kamar milimita 45 da 20, a tsaye ba a kwance ba, da gicciye kowane santimita 30 zuwa 40. A haɗa da farin gam da sukuru, ba ƙusa ba. A huda kowane gicciye da rami biyu don wucewar waya, kuma a tabbata babu gicciyen da ya faɗo daidai ƙarƙashin mararraba.

Matsalar katako ita ce yana shan danshi da damina ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Ƙarfen layi kuwa ba ruwansa da danshi. Idan falanki ya tsuke layi bai tsuke ba, sai layin ya yi doro ko ya karkace. Saboda haka a shafa banish ko fenti a ko'ina, sama da ƙasa da gefuna, sau biyu. Wanda ya shafa sama kaɗai ya jawo wa kansa lanƙwasa, don fuska ɗaya ce za ta riƙa shan danshi. Bar shi ya kwana biyu ya bushe, ka ɗora masa lebur irin na magina ta tsawo da ta faɗi. Tarago mai kyau yana gangarawa da kansa a kan ɗan tudun da ido ba ya gani, kuma a wannan wasa tarago dole ya tsaya inda aka ajiye shi. Kantar da za ta ɗauke shi ta yi nesa da taga, kuma a riƙa duba bango saboda gara.

Sai shimfiɗar ƙarƙashin layi: soso mai tauri na milimita 3, irin wanda masu haɗa takalma ke amfani da shi. Yana rage ƙara, yana kuma ɗaga layin kamar na gaske. A wannan ƙaramin tsari, manna shi a duk faɗin da layukan za su zauna.

Jera layi

Nan ne wurin da ba a gaggawa. Fara da mararraba biyun, don su ke hukunta inda komai zai faɗa. Haɗa su, ka ajiye a kan falanki, ka zana gefensu da fensir. Daga nan ka auna layin shigowa zuwa gefe ɗaya, rassa zuwa ɗaya gefen. Tsakanin tsakiyar reshe da tsakiyar na kusa da shi a bar aƙalla milimita 50, ko 60 ma don yatsu su shiga.

Yanka layi da ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora ko filayar yankan layi, sannan ka bi bakin da magagari, sama da ciki da ƙasa. Ɗan tsinin da yanka ke bari shi ne ke hana ƙarfen haɗi shiga, shi ne kuma ke ɗaga ƙafar tarago. Daga gicciyen robar da ke riƙe ƙarafan layi, cire ɗaya a kowane ƙarshe don ƙarfen haɗin ya samu wuri, ka ajiye su, daga baya ka kankare kansu ka zura su ƙarƙashi. Lokacin haɗawa, kuskuren da ya fi yawa shi ne layi ya hau kan ƙarfen haɗin maimakon ya shiga cikinsa. Ido na iya rasa shi, farce ba ya rasawa: bi kowace mahaɗa da farcenka, in ya maƙale to akwai gyara. A kowace mahaɗa bar 'yar tazara kamar kaurin katin waya, rabin milimita, don motsin katako da zafin bazara.

Ƙusa ɗaya kowane santimita 12 zuwa 15 ta isa. Huda gicciyen da siririn abu tukuna, kuma kada ka danna ƙusar har ƙasa. Idan ta matse, gicciyen na lotsawa a tsakiya, ƙarafan biyu su matso juna, tazarar ta ragu daga 16.5. Bar kan ƙusar ya taɓa roba kawai. Kada a sa ƙusa kusa da harsunan mararraba masu motsi. Da ka gama, kwantar da kumatunka a kan falanki ka hangi layin ta tsawonsa, duk wata karkata za ta fito fili. A ƙarshen kowane reshe, da kuma ƙarshen layin shigowa, kafa abin tare hanya ko da guntun katako ne. Faɗowar kan jirgi daga kanta zuwa siminti ba ta da magani.

Wuta

Da farko duba jikin adafta. Wutar gida a Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230, ta Amurka 120, ta Japan 100. In ba a rubuta 100–240V ko 230V ba, kada ka soka shi sai da tiransifoma mai rage wuta. Sannan a bi da shi ta sitabilaiza, kuma a cire shi daga soket in za a tada janareta.

Tsari mafi sauƙi shi ne DC: ƙarfe ɗaya na ɗauke da waya ja, ɗayan baƙa, ka ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, ka juya ta ya koma baya. Akwai DCC, inda wuta ke kan layi kullum, kowane kan jirgi kuma yana da 'yar na'ura a ciki mai lambarta (sabuwa da lamba 3 take zuwa), a sarrafa jirage da yawa a layi ɗaya. Ga kan jirgi guda, DC ya wadatar. Wayoyin da za ka ja yanzu za su yi aiki ko ka sauya daga baya.

Kada ka dogara da ƙarafan haɗi su kai wuta, suna sakewa, datti na shiga. Ja manyan wayoyi biyu masu kaurin milimita 1.5 a ƙarƙashin falanki daga farko zuwa ƙarshe. Daga kowane guntun layi sauko da siraran wayoyi biyu ta ramin milimita 2, ka haɗa da manyan. Riƙe ƙa'ida ɗaya: ƙarfen da ke wajen bango baƙa, na wajenka ja, a kowane reshe. Waya guda da aka juya ta isa ta kashe duka layin.

Liƙa wayar da dalma a gefen waje na ƙarfen ko a ƙasansa, ba ta ciki ba inda leɓen ƙafa ke bi. Ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo, mai wat 30 zuwa 40, ya isa. Goge wurin, sa wa ƙarfen layin dalma daban, wa wayar daban, sannan ka haɗa su ka taɓa na daƙiƙa biyu. Ƙarfen dalmar da bai yi zafi sosai ba shi ke narka gicciye, don sai ka daɗe kana dannawa. Ɗora jiƙaƙƙiyar auduga a gefe biyu ta tsotse zafi.

Mararraba iri biyu ce, kuma bambancin yana wurin da ƙarafa biyu suka haɗu suka yi tsini kamar harafin V. A wasu tsinin roba ne: ba sa buƙatar komai, amma gajeren kan jirgi na iya rasa wuta a kai. A wasu ƙarfe ne, jirgi na wucewa a hankali ba tsayawa, sai dai dole a sa mahaɗin roba a ƙarafa biyun da suka fito daga V ɗin, in ba haka ba wutar ja da baƙa za su haɗu da zarar an juya mararrabar. Kafin ka kunna, cire komai daga kan layi, ka sa mitar gwada wuta tsakanin ƙarafan biyu a kan awon haɗuwa. In ta yi ƙara, akwai inda suka taɓa. Gwada bayan kowace waya biyu da ka liƙa, ba sai ka gama ashirin ba ka rasa wacce ce.

Gwaji, da abin da ke kawo cikas

Yi mako biyu kana wasa da layin tsirara. Gudun da ya dace ya fi yadda ake zato jinkiri: kilomita 15 a awa na jirgin gaske santimita 5 ne a daƙiƙa a ma'aunin HO.

Idan jirgi na tsayawa a wuri ɗaya kullum, laifin layi ne: datti, mahaɗa ko tsinin roba. Idan yana tsayawa ko'ina, laifin ƙafafunsa ne ko 'yan siraran tagullar da ke gogar bayansu. Haka ma sauka daga layi: taragu daban-daban a wuri ɗaya, duba wurin, tarago ɗaya a wurare daban-daban, duba taragon. Auna tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa, ya kamata ya zama kusan milimita 14.5. In ya gaza haka ko ya wuce, ƙafar na hawa kan V. Murɗa ta a hankali a kan sandarta har ta daidaita. Rashin nauyi ma na kawo shi, musamman wajen turawa baya. Ƙa'idar ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ga HO ita ce giram 28, a ƙara 14 a kan kowane inci na tsawon tarago. Manna wasu 'yan notuna a ciki, a ƙasa kuma a tsakiya. Ƙugiyoyin haɗa taragu su zama iri ɗaya kuma a tsayi ɗaya, don wadda ta sunkuya tana kama layi a mararraba.

Tsakuwa da ƙasa

Sai komai ya tafi daidai za a zo nan. Fara da shafa wa gefen ƙarafa fenti mai launin tsatsa da ƙaramin burushi, ka goge samansu nan take. Tsakuwar ana saye, ana kuma iya tankaɗe yashin rafi da rariya a ɗebi mai ƙwayar da ba ta kai milimita ɗaya ba. Wanke shi, ka shanya ya bushe ƙarau, sannan ka bi shi da maganaɗisu. In baƙin gari ya manne, zubar da shi ka nemi wani, don maganaɗisun da ke cikin injin jirgi zai tsotse shi ya ci haƙoran giyar injin.

Zuba da cokali, ka baje da busasshen burushi har ya zo daidai saman gicciye, ba ƙwaya ko ɗaya a kansu ko a jikin ƙarfe ta ciki. Fesa masa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, daga nesa, yadda zai sauka kamar raɓa. Sannan haɗa farin gam da ruwa rabi da rabi, da ɗigon sabulu biyu, ka ɗiga da sirinji har ya yi fari fat. Wanda ya tsallake jiƙawar farko zai ga gam ya dunƙule a sama yana ɗaga yashin. Kusa da harsunan mararraba kada a zuba komai, a shafa fenti mai launin tsakuwa kawai, kuma a riƙa motsa su lokaci-lokaci yayin da gam ke bushewa. Ba shi kwana ɗaya zuwa biyu.

Tudu ana yin sa da farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji, a manna da farin gam, don gam mai warin fetur narka shi yake yi. A rufe da tsumma da aka tsoma a kwaɓin POP, a shafa fentin ruwa, a barbaɗa tankaɗaɗɗiyar ƙasa tun yana ɗanye. Garin katako da aka rina ya isa ciyawa. Gini kuma kwali mai kauri ya isa: ƙofa mai mita 2 milimita 23 ce a HO, 26 a OO.

Kulawa

Yi wa falankin murfi, ko da firam ne da leda, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kafin kowane wasa goge saman ƙarafa da farin ƙyalle marar gashi da aka ɗiga wa sifirit. Kada a taɓa su da samfefa, tana barin ƙananan zane da datti ke taruwa a ciki. Ƙafafun kan jirgi kuwa, shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyallen a kan layi, ka ɗora rabin ƙafafun a kai rabi a kan ƙarfe, ka ba shi wuta kaɗan kana riƙe da shi, sannan ka juya. Mai sai wanda aka rubuta ba ya cin roba, ɗigo ɗaya a bakin allura ga kowace giya, sau ɗaya ko biyu a shekara. Baƙin mai da man girki ba su da wuri a nan, kuma man da ya yi yawa ƙura yake kamawa ya koma laka a kan ƙafafun.